Shekarar da Na Gano Zinare a Sama

Ranar sunan 'yar ɗana Habibu ina zaune a zaure na jiyo ki, Ummi, a tsakar gida kina gaya wa dangin mijinki wai mahaifinki ne ya gano zinare a jikin tauraro, Turawa suka danne maganar. Ban tanka ba saboda akwai baƙi, amma shinkafar ranar ba ta yi mini daɗi ba. Na kuma san akwai wani labarin da ke yawo a bakin 'yan tasha, mai cewa karatu ne ya taɓa ni a shekarar. Duka biyun ba haka aka yi ba. Tunda ido ya fara gajiya, kuma ba na son in tafi in bar ku da ƙarya ko da mai daɗi ce, ga yadda abin ya faru. Ku karanta, ku karanta wa 'ya'yanku.

Saura 'yan shekaru in ajiye alli a lokacin. Na tsufa ina koyar da fiziks a sakandare a nan Malumfashi, ina zana wa ɗalibai abubuwan da ni kaina ban taɓa gani da idona ba, har na saba na daina jin ciwon hakan. Sai ga Rifkatu ta zo gaishe ni a hutun Kirsimeti. Ku manya kun san ta, 'yar Kafur ɗin nan da ta yi karatu a hannuna, mai zama a bencin gaba tana hana ni sakat da tambaya. Ta riga ta zama Dakta a jami'a, amma tun daga bakin zaure ta cire takalmi, ta durƙusa har ƙasa. Bayan an sha ruwa na tambaye ta a kan me take bincike, don dai a yi hira. Ta buɗe kwamfutarta ta nuna mini wani layi mai hawa da gangara, ba hoto, ba launi, ba komai.

"Malam, wannan hasken wani mataccen tauraro ne," in ji ta.

Na ce, "Matacce kuma yana haske? Wa ya kashe shi, wa kuma ke hura masa wuta?"

Ta yi dariya ta ce yau ranar ramuwa ce, ni ne a bencin gaba.

Abin da ta faɗa mini a yammacin nan shi ya hana ni zama lafiya shekara uku. Ta ce in babban tauraro ya cinye makamashinsa yakan fashe, cikinsa ya dunƙule ya zama ɗan curi, faɗinsa bai wuce daga nan zuwa Dayi ba, amma ya fi ranarmu nauyi. Masana suna ce masa tauraron niyutiron. Wani yana zaune shi kaɗai, ba a cika jin ɗuriyarsa ba. Wani kuwa yana da abokin zama, tauraro mai rai, suna zagaya juna, shi mataccen yana janyo iskar jikin mai ran yana sha. Iskar ba ta faɗa masa kai tsaye, sai ta yi ta kewaya shi kamar fura a ƙwarya in ana damawa, tana gugar juna tana zafi, har ta fitar da hasken da ido ba ya gani, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙirji da shi a asibiti. Hasken nan ba ya ratso iskar duniya, dole sai an harba na'ura sama ta tare shi. Na'urar tana ƙirga ƙwayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, tana ware masu ƙarfi daga marasa ƙarfi, shi ne ake samun wannan layin. Kuma kowane sinadari da ke kusa da tauraron yana barin alamarsa a nasa wurin a kan layin, ƙarfe da nasa wurin, iskar shaƙa da nata. Wato mutum yana kan tabarma a Malumfashi zai iya cewa ga abin da ke ƙuna a inda ba wanda zai taɓa zuwa. Abin da ya ƙarasa ni shi ne da ta ce bayanan nan a buɗe suke, duk mai intanet zai iya saukewa.

Kafin damina ta faɗi na yi rajistar digiri na biyu a ƙarƙashinta, na zuwa ana dawowa. Mahaifiyarku ta dube ni sama da ƙasa.

"Malam, sa'o'inka suna neman gonar ritaya, kai kana neman aji?"

Na ce mata gona tana nan ba inda za ta. Ta ce haka ma taurarin.

Zamana da Rifkatu a ofishinta abin dariya ne. Ni ina ce mata Dakta, ita tana ce mini Malam, kowa na tsaye yana jiran ɗan'uwansa ya fara zama. Ta ba ni tauraro guda, sunansa lambobi ne zalla kamar lambar mota, ta ce aikina in auna alamar ƙarfe a haskensa. Aiki ne na yau da kullum, mutane da yawa sun yi irinsa a kan wasu taurarin. Ta kuma ba ni wani kundi mai kauri na bayanin na'urar da ta ɗauko hasken, ta ce in karanta. Na buɗe shafin farko na ga zancen sukurori da madubai, na ce ni tauraro na zo gani ba kanikanci ba, na tura shi ƙasan durowa. Ku riƙe wannan, domin nan ne na fara ɓata. Kullum bayan azahar, in malamai sun watse, sai in zauna a ɗakin malamai inda ake da wutar sola in yi ta fama da layina.

Da kaka ta yi, ana ta shanyar masara a bakin titi, Rifkatu ta tafi ƙasar waje wani kwas na 'yan watanni. A cikin makonnin nan ne na lura layin ya ɗan lotsa a wani wuri, can ƙasa da inda ƙarfe yake. Na ɗauka hannuna ne. Na goge aikin na sake daga farko, lotsawar tana nan. Na sake, tana nan, ko gezau. Sai na ɗauko jadawalin da ke nuna wurin kowane sinadari, na ɗora yatsa ina bi a hankali, yatsan ya tsaya a kan zinare. Na cire tabarau na goge na mayar, zinare dai. Ga shi kuwa na taɓa karantawa cewa in irin waɗannan taurarin biyu suka yi karo, a cikin wutar karon ake ƙera zinare. Zuciyata ta haɗa wannan da wancan ta ɗaure, ba ta nemi shawarata ba. Na ɗauki hoton layin na tura wa Rifkatu ta waya, ga amsar da ta dawo:

"Malam, sannu da ƙoƙari, abin sha'awa ne. Amma da za a ɗan dakata a ƙara dubawa, in na dawo sai mu zauna a kai."

Na karanta "abin sha'awa ne", sauran kuwa na ɗauke shi ladabin ɗaliba.

Mutum biyu kawai na gaya wa a ɗakin malamai. Ɗayansu ya sa a zauren waya na tsofaffin ɗalibai, kafin la'asar gari ya ɗauka. Ku tuna lokacin ne zancen haƙar zinare ya cika ko'ina, matasa suna barin gona suna nufar yamma da diga da shebur. Da a ce na gano wani sinadari mai dogon suna ne, ba wanda zai ɗaga kai. Amma zinare! Mai acaɓa ya sauke ni ya ƙi karɓar komai, ya ce shi dai in faɗa masa ko jirgi na zuwa wurin. Wani bawan Allah ya zo har gida da dutse a ƙunshe cikin tsumma, wai in sa masa a kwamfuta in duba. Ina ta cewa ba haka abin yake ba, amma ba zan yi muku ƙarya ba, da murmushi nake faɗa. Mutumin da ya shekara da shekaru yana shan ƙurar alli ba a san da shi ba, yau ana miƙewa in ya shigo masallaci, daɗi na ji, daɗi sosai. Alhaji Lawal, shugaban ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, dillalin taki ne a Funtua, ya kira ni ya ce sun yanke shawarar yin walima a makaranta, kuma za a sa wa ɗakin gwaje-gwaje sunana. Na ce a'a sau ɗaya, irin a'ar da ake yi wa nama.

Saura kwana biyar taron Yaya Delu ta sauka daga motar Dayi, Allah Ya jiƙanta. Ku ƙanana ba ku san ta sosai ba. Ita ta goya ni bayan rasuwar Inna, ba ta taɓa shiga aji ba, kuma tun tana budurwa take awon hatsi a kasuwar Dayi da tiyar da ta gada wurin Inna. A kasuwar nan in gardamar awo ta tashi, wurinta ake zuwa a raba. Ta zo da zabuwa a hannu da gero a cikin tiyar, ta ce tun da labarin ya iso mata ba wanda ta auna wa hatsi ba ta haɗa masa da shi ba. Bayan azahar ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida.

"Auta, ɗauko mini zinaren in gani."

Na kawo kwamfuta na buɗe, na yi mata bayanin mataccen tauraro da abokin zamansa. Ta saurara da kyau, har ta tambaya ko shi mai ran ya san ana shan sa, kuma in ya ƙare sai yaya. Ta ce ta san gidaje irin wannan. Sannan na nuna mata wurin.

"Wannan 'yar lotsawar ita ce zinaren?"

"Ita ce, Yaya."

Ta matso da fuskarta ta daɗe tana kallo. "To da me aka auna?"

Na ce da wata na'ura ce da ke can sama, manyan masana suka ƙera ta.

"Ko waye ya ƙera. Ka auna wani abu da ita ka gani?"

Na ce ban gane ba.

"Ni in aka kawo mini sabon kwano, ba na auna wa mutum da shi sai na gwada. In cika shi da gero in juye a tiyar Inna. In cika da dawa in juye, in cika da masara in juye. In gero kaɗai ya gaza, sai in ce daga geron ne. In duk ukun suka gaza da tafi ɗaya, to an bugi gindin kwanon. Kai hatsi nawa ka zuba a naka?"

Raina ya ɓaci, kun dai san halina. Na rufe kwamfutar na ce, "Yaya, wannan fa ba kasuwar Dayi ba ce."

"To, Allah Ya ba da sa'a," ta ce, ta ɓare goronta.

Amma tambayar ta bi ni har makaranta. Washegari da na fito daga aji na farko na zauna na nemo wasu abubuwa biyu da wannan na'urar ta taɓa kallo, ɗaya wani tauraron ne daban a wani ɓangaren sama, ɗayan kuma ba ma irinsu ba ne, ragowar hayaƙin wani tauraro ne da ya fashe. Intanet ɗin yana ja kamar ba ya so, sai wajen azahar suka gama sauka. Na zana layin na farko, ga lotsawar. Na zana na biyu, ga ta, daidai wurin, ko kaucewa ba ta yi ba. Na jawo durowa na ciro kundin nan da na raina, na kaɗe shi, na nemi babin madubai. A rubuce yake ɓaro-ɓaro: irin wannan hasken yakan shige madubin gida ne, ba ya dawowa, saboda haka sai aka shafe madubin na'urar da zinare, hasken ya riƙa gogarsa a kaikaice yana zamewa zuwa inda ake ƙirga shi. Shi kuma zinaren yakan haɗiye kaɗan daga hasken a daidai wannan ƙarfin, har an ja kunnen mai aiki da ya kula da wurin. Wato zinare dai zinare ne, yatsana bai yi ƙarya ba. Sai dai daga nan ƙasa aka tafi da shi.

Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba tun ina yaro. Amma akwai wani abu da na ji tare da ita wanda har yau nake mamakinsa. Na zauna ina kallon layukan nan uku ina cewa, ashe abin nan ya kai haka gaskiya? Haske ya taso daga inda ya yi dubban shekaru a hanya, ya gogi wani shafe da bai kai kaurin ɓawon albasa ba, kuma sai da ya zo ya ba da labarin gogar. Da ba ni ne abin ya faɗa wa ba, da na ce ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba.

Na kira Rifkatu na gaya mata. Ta ce, "Malam, tun ranar da ka turo na gane. Amma ta yaya zan rubuto wa wanda ya koya mini riƙon rula cewa ya yi kuskure, a waya kuma? Na so in dawo in durƙusa in faɗa. Ban san maganar ta fita ba."

Na ce, "Dakta, daga yau in na yi kuskure ki ce Malam ka yi kuskure, da waɗannan kalmomin. Girmamawarki ta kusa kashe ni."

Har da kukanta, baiwar Allah, alhali laifin nawa ne.

Da yamma na hau mota zuwa Funtua na sami Alhaji Lawal a shagonsa a kan buhunan taki. Ya saurare ni har na gama, ya gyara hula.

"Malam, an buga kati, an sayi sa, an gayyaci manya. Ka zo ka karɓi abinka kawai. Wa zai hau sama ya duba?"

Kada ku ɗauka maganar ba ta shige ni ba. Ta shige ni, don gaskiya ya faɗa, a duk faɗin Malumfashi da Funtua ba mai iya ƙaryata ni. Mahaifiyarku kuma, don tausayi, ta ce in kwanta in ce zazzaɓi, a yi taron ba ni, maganar ta mutu da kanta. Kwana uku ina jujjuya waɗannan biyun. Yaya Delu ba ta ce mini yi ko bari ba, tana ta tsince wa mahaifiyarku wake. Abin da ya tsaya mini shi ne sunan da za a kafa a ƙofar ɗakin gwaje-gwaje. A ɗakin nan na shekara ina dukan tebur ina cewa ba a yarda da awo ɗaya, a sake, a sake. Na ga ɗalibai suna wucewa ƙarƙashin sunana kullum safiya suna shiga, ni kuma na san abin da ke ƙarƙashin sunan.

Ranar taron na zana layukan uku a kan kwali da babban alƙalami, na ari tiyar Yaya. Bayan an gama yabona, har wani ya ce a ƙasar waje ma ana zancena, aka miƙo mini lasifika. Na ɗaga kwalin na nuna lotsawar a wuri uku, na ɗaga tiyar na faɗi tambayar da aka yi mini da wadda ta yi ta. Na ce zinaren yana jikin kwanon awon ne, ba a cikin hatsin ba, kuma ni ne ban karanta abin da aka ce in karanta ba. Na roƙi a yafe mini wahalar da aka sha. Can baya wani ya fashe da dariya ya ce, "Malam Zinare!" sai dariyar ta bazu. An dai ci naman, don ba a mayar da sa. Allon da aka rubuta sunana kuwa, a lulluɓe da ƙyallensa aka fitar da shi ta ƙofar baya, ban taɓa ganin yadda aka rubuta ba.

Sunan nan na Malam Zinare ya bi ni, kun sani. Shekara da shekaru in na ratsa tasha sai an ce, "Malam, yau an samu kuwa?" Alhaji Lawal ya daɗe in mun haɗu a jana'iza yana duban wani wajen. Waɗanda suka miƙe mini a masallaci suka koma zamansu, wasu har da ƙari. Ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma na san ku ma an tsokane ku a kaina, ku yafe mini. Digirin dai na gama shi da ƙarfen da aka aike ni nema tun farko, ƙarfe irin na fartanya. Alamarsa ta fito a baje, ba a tsuke ba, kuma daga yadda ta baje ake gane kusancin iskar da tauraron da irin gudun da take yi kafin ta faɗa. Ƙaramin sakamako ne, yana can a kan kanta a jami'a yana shan ƙura. Amma sau uku na auna shi, kuma har gobe in na tuna iskar nan tana can tana kewayawa a daidai wannan lokacin, sai in ji kamar in koma aji.

Abin da na fi so ku sani shi ne abin da ya faru bayan an watse. Na dawo gida kaina a ƙasa, na tarar Yaya Delu ta ɗaure kayanta tana gyara mayafi. Na ce ta bari sai gobe mana, ta huta.

"Gobe kasuwa ke ci," ta ce. "Ni na auna wa mutane labarin nan da bakina, kuma ka ce kwanon ba shi da kyau. Sai na bi su."

Na ce, "Yaya, ai ba laifinki ba ne, ni na faɗa."

"A hannuna suka karɓa, Auta."

Ta ɗauki kayanta ta tafi. Daga baya matan Dayi suka ba ni labari. Kasuwa biyu ba ta zauna a rumfarta ba, tsohuwa mai ciwon gwiwa, tana bi rumfa rumfa, daga masu daddawa har 'yan kaji, tana cewa labarin da na ba ki na ƙanena ba haka yake ba, zinaren na jikin madubi ne. Wanda bai zo kasuwa ba ta aika masa. An yi mata dariyar da ta fi tawa, don ita ba ta da digirin da za ta fake da shi. Ba ta taɓa tayar mini da zancen ba har ta koma ga Allah. Sai dai duk zuwan da zan yi Dayi sai ta tambaye ni ko mataccen nan ya gama shanye ɗan'uwansa, in ce da saura, ta ce to a ci gaba da dubawa.

Tiyar nan da ke kan kabad ɗin littattafaina, wadda kuke cewa a ba masu gwangwan, ita ce. Kada wanda ya taɓa ta. Ke kuma Ummi, na leƙa na ƙirga, mata biyar ne a kan tabarmar nan ranar suna, kuma duk kin san gidajensu.